Ramalan da Burtalin Ƙarƙashin Ruwa

Yayana Ramalan ya rasu bara, kwana tara bayan Babbar Sallah, a kan tabarmarsa, cikin busasshen ɗaki. Na faɗi wannan da wuri ne saboda duk wanda ya ji cewa masunci ne sai ya tambaya ko ruwa ne ya ci shi. Ruwa bai ci shi ba. Hawan jini ne.

Mu ba masunta ba ne tun asali. Mahaifinmu manomi ne, yana da gona huɗu da shanun huɗa biyu a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Da aka tare ruwan, Yaya yana ɗan shekara goma sha biyar, ni kuma ina shirin tafiya makarantar kwana. Muka kwashe kaya muka dawo wajen Rurum Sabon Gari. Gonar da Baba ya samu a nan tsakuwa ce da ɗan rairayi a sama. Yaya ya yi mata damina uku, ya ga ba ta san alheri ba, sai ya bi wasu Kabawa da suka zo kamun kifi. Su suka koya masa jefa ragar birgi da ɗinkin taru da yadda ake riƙe filafilin tuƙi. Abu ɗaya ne ya fi su sani. Su ruwa suke gani, shi kuwa ya san abin da ke ƙasa, domin shekara bakwai ya yi yana kora shanun Baba a wurin.

Bayan kifi yana yin fito, in an matsa masa. Mutanen bakin ruwa sun sa masa suna Sai Gobe. In ka zo ka ce ya ƙetarar da kai, zai dubi sama, ya dubi kayanka, ya dubi cikinka, sannan ya ce sai gobe. Masu gaggawa sukan zage shi su shiga jirgin samari masu inji. Bai taɓa ramawa ba. Fiye da shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa rasa mutum ba. Akuya ɗaya ya rasa, ita ma ita ta yi tsalle da kanta, kuma har ya mutu yana cewa igiyar mai akuyar ce ba ta da kyau.

Matarsa Khadijatu Bafulatana ce daga Unguwar Gai, can ƙasar Kibiya. Iyayenta sun daɗe da zama wuri ɗaya suna noma, amma fillanci bai bar su ba. Abu biyu kowa ya san ta da su. Na farko, duk ruwan da ya fi ƙarfin randa ba ta hulɗa da shi. Ta auri masunci, ta soya kifinsa, ta wanke tarunsa a daro, amma ko yatsan ƙafarta bai taɓa shiga kwalekwale ba. Na biyu, kunyar 'yar fari. 'Yarta ta fari Rahma ce. Khadijatu ba ta faɗin sunanta, ba ta yi mata magana a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta. In dole ta kama sai ta ce “waccan”. Yaya ma haka yake, sai dai shi yakan ce “yarinyar”. Duk abin da ya shafi Rahma, daga kitso har kayan ɗaki, ta hannuna ya bi, ni gwaggonta. Haka aka saba, ba wanda ya ga laifin kowa.

Rahma ta auri wani tela mai suna Muntari a wani ƙauye da ke tsallaken ruwa. Da ta sami ciki aka shirya cewa in ya shiga wata tara za ta dawo gida ta haihu a gabanmu. Daminar shekarar ta yi ƙarfi. Ruwa ya cinye kwalbatin hanyar da ke zagayowa ta tudu, ko babur ba ya wucewa. Ita kuma haihuwa ba ta jira ba, ta zo da sati uku kafin lokaci.

Ranar Asabar da hantsi Muntari ya buga mini waya. Ni ya kira, ba su ba, domin yaro ne mai tarbiyya. Ya ce an sami namiji, yana lafiya. Uwar ce ta zubar da jini da yawa. Ma'aikaciyar asibitin ƙauyen ta duba ta, ta ƙara mata ruwa, ta ba da magani, ta ce abin da ya rage sai a sami mace ta zauna da ita, ta ciyar da ita, ta sa mata ido. Mahaifiyar Muntari ta rasu. Wata tsohuwa ce maƙwabciya ke leƙowa, ita ma ba ta gani sosai. Ya ce Rahma ba ta iya tashi zaune sai an ɗaga ta.

Na je gidan Yaya na tsaya a tsakar gida na faɗi labarin ina kallon katanga. Khadijatu tana tankaɗe. Ta ce Allah ya raya, ta ci gaba da tankaɗe. Garin an riga an tankaɗe shi, na gani. Yaya ya ce madalla, ya tashi ya fita ƙofar gida yana duban gabas.

Na ce ni zan tafi. Duk mu ukun mun san wannan magana ce kawai. Gwiwoyina sun daɗe da lalacewa, ba na iya ɗaga bokiti, balle in ɗaga mace. Abin da na iya shi ne karanta takardar magani da faɗa. Wadda za ta iya aikin tana nan zaune da rariya a hannu, kuma ita, ko da an yanka ta, ba za ta ce tana son zuwa ba. Uwa ta tashi da ƙafarta ta tafi gidan surukai saboda 'yar fari, a wurinsu abin a yi ta faɗa ne har jikoki. Shi ma Yaya ba zai ce mata ta shirya ba, domin faɗin haka yana nuna shi ma abin ya dame shi.

Yaya ya dawo ya ce Litinin zai kai ni. Na ce me ya hana yau. Ya ce rana ta riga ta ɗaga, kuma a watan nan iska tana tashi da zarar an yi azahar, hadari kuma daga gabas yake zuwa ba sallama. Na ce gobe fa. Ya ce jirgin yana shan ruwa ta gindi, shi kaɗai ba ya damuwa, amma ba zai ɗauki mutum a haka ba. Na ce masa yarinya tana can kwance. Ya ce ya ji, kuma in mun nutse a hanya tana nan dai a kwance.

Ranar Lahadi tun da safe ya jawo kwalekwalen tudu ya kife shi. Ya bi kowace gaɓar katako da yatsa. Inda ya ji laushi ya cusa tsumma da bakin wuƙa, ya narka kwalta a gwangwani ya shafe. Da ta bushe ya mayar da jirgin ruwa, ya loda masa duwatsu, ya zauna a gaɓa yana kallonsa kamar mai gadin mara lafiya. Ya sami wuri ɗaya yana tsattsafo, ya sake jawo shi. Ya nemo jarka uku marasa komai, ya ɗaure murafensu da leda, ya danna kowacce cikin ruwa da gwiwa yana duba ko za ta yi kumfa. Ya ɗaura wa kowacce igiya. Na lura jarka uku ce, mu kuma mu biyu ne. 

Da la'asar na koma ɗakina na tarar da kaya a bakin ƙofa: gero, kanwa, yajin jego, daddawa, man shanu a kwalba, kaji biyu a ɗaure, da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Khadijatu ta aiko cewa tarkace ne da suka cika mata ɗaki, in na ga inda zan zubar in zubar. Yaya ya zo ya ɗaga kowane ƙulli da hannu ɗaya, yana jinjinawa. Ya rage geron da rabi. Tukunyar ya ce ba za ta hau ba, domin in iska ta taso tukunya ba ta san ta zauna wuri ɗaya ba, Muntari ya ara a can. Kajin ya yarda da su bisa sharaɗin a sa su cikin kwando a rufe.

Daga nan ya je wurin Alu, abokin sana'arsa tun zamanin Kabawa, ya gaya masa lokacin da za mu tashi da hanyar da za mu bi. Ya ce in an kira azahar bai ga jirginsa ya dawo ba, ya biyo burtali, kada ya ɓata lokaci yana nema a wani wuri.

Burtalin nan shi ne duk sirrin Yaya. Kafin ruwa ya zo, akwai hanyar shanu da ta ratsa ta gefen ƙauyenmu ta nufi wancan tudun. Hagu da dama gonaki ne cike da ɗorawa da kanya da tsamiya. Itatuwan sun mutu a tsaye, kututturansu suna nan. In ruwa ya ja baya ana ganin kawunansu, in ya cika sai su ɓuya kamar taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, su jira cikin jirgi. A kan burtali kuwa ba itace ko ɗaya, domin kofaton shanu bai bar komai ya girma ba. Hanyar ta fi tsawo, tana da lanƙwasa. Samari suna yanke ta su miƙe kai tsaye, shi ya sa jiragensu duk faci ne. Yaya yakan sa wani dutse mai tsagaggen kai a bayansa, ya tuƙa har ya iso kan wata matacciyar kuka da ke leƙowa a tsakiyar ruwa. A nan burtalin ya karya dama. Daga nan sai ya sa giginyu uku na tsallake a gabansa.

Litinin, ana idar da sallar asuba muka sauka bakin ruwa. Ruwan kwance kamar an shimfiɗa shi. Khadijatu ta biyo mu da kwandon kaji a ka, ta ce rakiya ta yi mini. Alu ma ya zo. Na shiga da ƙyar na zauna a ƙasan jirgi inda Yaya ya nuna. Ya ɗaura mini jarka a ƙirji. Ya jera kaya, sannan na ga ya tura su duka gefena da ƙafa. Ya ja baya ya ƙare wa jirgin kallo ya ce ya karkata.

Ya karkata mana, tunda shi ya karkatar da shi. Ya ce ana bukatar nauyi a ɗaya gefen, kamar na buhun gero. Ya zaga yana ɗaga duwatsu, wannan ya yi kaɗan, wancan zai fasa katako. Alu, wanda bai fahimci komai ba tukuna, ya ce ko ya shiga. Alu siriri ne kamar gora. Yaya ya dube shi ya ce ya yi nauyi da yawa. Alu ya buɗe baki, sai ya dubi Khadijatu da ke tsaye ta ba mu rabin baya, ya rufe bakin, ya ce gaskiya ne, kwanan nan yana cin tuwo sosai.

Na ce, “Matar Yaya, ki taimaka ki zauna mini a can. In jirgin nan ya kife da ni, hakkina a wuyanki.”

Ta juyo ta dubi jirgin. Sannan ta ce, “Ke dai Laraba kin cika wahalar da mutane. Tunda maganar rai ce.”

Da ta matso sai Yaya ya ga ta fi jiya ƙiba. Zani huɗu ta ɗaura, riga uku, da kallabi biyu. Ya ce, yana kallon filafilinsa, jiƙaƙƙen tufafi yana jan mutum ƙasa, kuma shi zani ɗaya yake ɗauka a jikin kowa. Ta zaga bayan wata sabara ta dawo a rame da ƙulli a hannu. Ba wanda ya tambayi dalilin da zai sa mai rakiya ta sa kayan kwana arba'in.

Ta sa ƙafa a jirgi kamar mai taka garwashi. Ya ɗaura mata jarka ta uku. Ya gaya mana dokokinsa: ba mai tashi tsaye ko me ya faru, takalma a cire, mayafi a naɗe a cinya kada a yafa. Ya ba ni gwangwanin kwashe ruwa. Ya ce in jirgi ya kife kowa ta riƙe jirgin, kada wadda ta riƙe shi, domin wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, shi kuma ba takobi ba ne. Ya sa wayarsa a leda ya cusa cikin hula. Ya yi bisimilla muka tashi.

Khadijatu ta rufe ido ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Bakinta yana motsi. Yaya yana tuƙi a hankali, yana waiwayen dutsensa jifa-jifa. Can ya sassauta ya yi sallama, ya ce daidai nan maƙabarta take, Innarmu tana hannun hagu. Na yi mata addu'a. Ban ji komai na musamman ba, ruwa ne dai kamar sauran.

Mun yi kamar awa ɗaya sai ya daina tuƙi. Ya duba gaba, ya duba baya. Kukar ba ta nan. Ruwan shekarar ya haura kanta.

Ya ajiye filafili ya ɗauko doguwar gorar da ke kwance a tsawon jirgin. Ya riƙa zura ta cikin ruwa yana lalube, ya matsa kaɗan, ya sake zurawa. Ba ta taɓa komai. In ya karya dama kafin kukar, cikin ɗorawoyin gonar liman za mu faɗa. In ya wuce ta, kanyoyi ne. Ya yi zagaye ɗaya bai samu ba. Rana ta fara zafi. Fuskar ruwan ta fara yamutsewa, ƙananan igiyoyi suna marin gefen jirgi, wasu suna fallatsowa. Na fara aiki da gwangwani. Can gabas wani gajimare ya tsaya, bai yi baƙi ba tukuna, amma ba fari ba ne. Kajin suka fara surutu.

Yaya ya ce zai yi zagaye biyu nan gaba. In bai same ta ba za mu koma, tun dutsen yana ganuwa, sai gobe.

Khadijatu ta buɗe ido. Ba ta dube shi ba, ruwan da ke ƙasan jirgi take kallo. Ta ce, “Malam, Rahma ce fa.”

Shekara ashirin da biyu ke nan da haihuwar yarinyar, ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Na ci gaba da kwashe ruwa, na yi kamar kurma. Yaya ma ya yi mata wannan karamcin. Ya ce, “Riƙe jarkarki, Dije.” Ya ci gaba da zura gora. Bai ƙara sauri ba ko kaɗan, abin har ya ba ni haushi.

A zagaye na biyu bai sami komai ba. A na uku, wajen ƙarshensa, gorar ta daki wani abu. Ya sake dannawa, ya bi gefensa, ya ji faɗinsa. Ya ce ita ce, ba itacen da ke da wannan kai sai ita. Ya mayar da gorar, ya ɗauki filafili, ya karya dama, ya sa giginyu a gaba. Daga baya na tambaye shi ko da gaske zai koma in bai same ta ba. Ya ce da ya koma, gara ta ji haushinsa a tudu. Na yarda da shi, domin na san halinsa.

Muntari yana jira a gaɓa, wandonsa a naɗe. Da ya ga wadda ke zaune a ɗaya gefen sai ya durƙusa cikin taɓo ya fara gaisuwa. Yaya bai sauka ba. Ya miƙa kaya ɗaya bayan ɗaya, ya kwance jarkokinsa ya ƙirga su, ya tambayi Muntari yaya mutanen gida. Muntari ya ce da sauƙi. Yaya ya ce to, ya juya jirgi, ya ce iska ba ta san yana da jika ba. Ya isa gida kafin azahar. Hadarin ya sauko da la'asar.

A gidan Muntari, Khadijatu ta tsaya a tsakar gida ta gaisa da tsohuwar maƙwabciya, ta tambayi damina, ta tambayi awaki. Ni na shiga ɗaki. Rahma tana kwance, leɓɓanta fari fat, jaririn yana gefe yana tsotsar hannu. Na karanta takardar magani, na ga kwana biyu ana ba ta rabin abin da aka rubuta. Na yi faɗa. Ina cikin yi na ji kukan kaza ya yanke a waje. Kafin rana ta karkata an kawo romo da kunu. Na gaya wa Khadijatu cewa likitoci yanzu sun ce a rage kanwa, a rage zafin ruwan wanka. Ta ce ta ji. Kanwar ta rage. Ruwan kuwa sai da na tsaya a kai da kaina kullum ina sirkawa, muna zage-zage.

Da ta shigo da kwanon ba ta dubi gadon ba. Ta zauna a bakinsa ta juya baya rabi, ta sa hannu ɗaya ta tallafo kan yarinyar, ta ce da bango, “A gaya mata ta buɗe baki.” Na gaya mata. Ta buɗe.

Ranar suna Rahma ta zauna da kanta. Rana ta goma sha biyu ta taka zuwa bakin ƙofa. Khadijatu ta cika kwana arba'in cif, lokacin an gyara kwalbati, ta dawo ta tudu, babur biyu da mota ɗaya, tun safe har magariba. Matan unguwa da suka zo yi mata sannu da zuwa ta gaya musu ni na ja ta.